Waiwaye: Yadda ƙananan birane suka daɗe suna fama da riƙe taurarinsu a gasar NBA

A watan Yunin 1975 ƙungiyar Milwaukee Bucks ta miƙa Kareem Abdul-Jabbar ga Los Angeles Lakers. Shi ne ya jagorance ta ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1971, tana kakarta ta uku kacal da shiga gasar. Ba rigimar albashi ce ta raba su ba. Mutumin ya ce zaman Milwaukee bai karɓe shi ba, a kai shi New York inda ya tashi, ko Los Angeles inda ya yi jami'a. Ya je Lakers ya ci kofi biyar, ita kuwa Milwaukee sai da ta yi shekara 50 cif kafin ta sake ɗaga ko ɗaya.

Idan masu bin ƙwallon kwando a Amurka suka ce ƙungiya tana ƙaramar kasuwa, suna nufin birnin da take ba shi da yawan gidajen da ke kallon talabijin, ba shi da manyan kamfanonin da za su zuba kuɗin talla. Memphis, New Orleans, Oklahoma City, San Antonio da Milwaukee duk suna wannan layi. Kuɗin nuna wasanni a faɗin ƙasa ana raba shi daidai tsakanin ƙungiyoyi 30, amma abin da kowace ta samu a garinta, nan ne bambancin yake. A 2011 Lakers ita kaɗai ta ƙulla yarjejeniyar talabijin ta shekara 20 wadda aka ruwaito ta kai dala biliyan 3. Ga shi kuma wasa ne na mutum biyar-biyar, saboda haka tafiyar ɗan wasa guda tana iya kifar da ƙungiya daga saman teburi zuwa ƙasansa. Cleveland ta ci wasa 61 a kakar da LeBron James ya yi mata kafin ya tafi a 2010. Kakar da ta biyo baya ta ci 19.

A da can ɗan wasa ba shi da ta cewa. Ƙungiyar da ta ɗauke shi ita ke riƙe da shi har sai ta ga dama. Oscar Robertson, wanda ya ci kofin 1971 tare da Kareem kuma yake shugabantar ƙungiyar 'yan wasa, shi ya shigar da ƙara a 1970, aka sasanta a 1976, ƙofar ta fara buɗewa. Cikakken 'yanci bai zo ba sai 1988, lokacin da Tom Chambers ya bar Seattle ya koma Phoenix ba tare da neman izinin kowa ba. Kafin nan masu ƙungiyoyi sun riga sun yi wa kansu garkuwa: a kakar 1984-85 aka sa iyakar jimillar albashin da ƙungiya za ta biya, dala miliyan 3.6, tare da sassaucin da ya ba ta damar wuce iyakar idan nata ɗan wasan za ta sabunta wa kwantiragi. Duk da haka, cikin kofuna goma na shekarun 1980, Lakers da Boston Celtics suka kwashe takwas.

A 1996 Shaquille O'Neal ya bar Orlando ya tafi Lakers a kan kusan dala miliyan 120 na shekara bakwai. Bayan rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa na 1998-99, wanda ya sa aka buga wasa 50 maimakon 82, sai aka ƙayyade mafi girman albashin da mutum guda zai karɓa. An yi hakan ne don kada mai kuɗi ya saye kowa, amma a ganina wannan doka ta cuci ƙananan birane ta inda ba a zata ba. Tunda tauraro ya san albashinsa kusan ɗaya ne ko ina ya je, me zai duba? Gari, yanayi, kuɗin talla da abokan wasa. A duk waɗannan Miami da Los Angeles ba sa'o'in Memphis ba ne. San Antonio ce ta zame wa wannan lissafi ƙashin kifi, da kofi biyar daga 1999 zuwa 2014, amma ba kowa ke dacewa da Tim Duncan ba, mutumin da ya yi kaka 19 a wuri guda.

Ranar 8 ga Yulin 2010 LeBron ya zauna gaban kyamarar ESPN, a shiri na musamman kai tsaye, ya shaida wa duniya cewa Miami za shi, ya haɗu da Dwyane Wade da Chris Bosh. A daren nan aka ga magoya baya suna ƙona rigarsa a titunan Cleveland, mai ƙungiyar kuma, Dan Gilbert, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa cikin fushi yana alkawarin za su riga LeBron cin kofi. Ba su riga shi ba. Sai da shi ɗin ya dawo ya ciyo musu a 2016. Abin da ya fi tsorata masu ƙananan ƙungiyoyi shi ne 'yan wasa sun fara haɗa ƙungiya da kansu. Masu ƙungiyoyi suka rufe ƙofa a 2011, aka dakatar da wasanni, kason 'yan wasa a kuɗin shigar gasar ya sauko daga kashi 57 cikin 100 zuwa wajen rabi, aka ƙara tsananta harajin da ake ci wa duk wanda ya wuce iyakar albashi da nisa, aka kuma faɗaɗa tallafin da manya ke ba ƙanana.

Wanda sabon harajin ya fara ci kuwa ƙaramin ne. Oklahoma City, wadda ta ƙaura daga Seattle a 2008, ta zaɓo Kevin Durant, Russell Westbrook da James Harden a jere daga cikin matasa, shekara uku, kuma kowannensu daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan gasar. Sun kai wasan ƙarshe a 2012, Miami ta doke su. Bayan wata huɗu ƙungiyar ta tura Harden Houston saboda tazarar 'yan miliyoyi da tsoron haraji. Sannan a 2016 sabon kuɗin talabijin na dala biliyan 24 ya shigo, iyakar albashi ta yi tsalle daga miliyan 70 zuwa 94 a lokaci guda, domin ƙungiyar 'yan wasa ta ƙi yarda a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Golden State, mai nasara 73 a kakar da ta gabata, ta samu sararin ɗaukar Durant, makonni kaɗan bayan ta fitar da Oklahoma City wadda ke gaba da nasara 3 da 1 a jerin wasanninsu. Ya tafi, ba a ba su ko sisi ba.

Darasin da manajan Oklahoma City, Sam Presti, ya ɗauka shi ya sauya lissafin. Da tauraronsa Paul George ya nemi a kai shi Los Angeles Clippers a 2019, Presti bai tsaya roƙo ba, farashi ya yanka: matashi Shai Gilgeous-Alexander, Danilo Gallinari, da guraben zaɓen matasa na zagayen farko har biyar. Clippers ta biya don ta san Kawhi Leonard ba zai sa mata hannu ba sai an kawo George. Shi Kawhin ma labarinsa ya shafi gida. Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar Toronto a lokacin, wanda ya tashi a Zariya, shi ya ɗauko shi zuwa Toronto a 2018 yana sane saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Suka ci kofi a 2019, Kawhi ya kama hanyar Los Angeles. Toronto babban birni ne, amma wajen jan taurarin Amurka ciwonsu ɗaya da ƙananan.

Akwai waɗanda suka zauna. Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya haifaffen Girka, ya sa hannu a Milwaukee a Disamban 2020 kan dala miliyan 228, irin kwantiragin da aka ƙirƙira a 2017 wanda ƙungiyar da ta rene ka ce kawai za ta iya ba ka. A wasa na shida na zagayen ƙarshe da Phoenix a 2021, wanda ya ba Milwaukee kofi, ya zuba maki 50, kuma shi da ake wa dariya a jifan kyauta ya jefa 17 cikin 19. Nikola Jokic, wanda Denver ta ɗauka a lamba ta 41 a zaɓen matasa na 2014, ya ciyo mata kofin farko a 2023. Sai dai a lura, duka biyun ba a Amurka suka tashi ba, kuma irin kuɗin da aka tanada don riƙe tauraro bai hana Anthony Davis matsa wa New Orleans lamba ta sake shi zuwa Lakers ba.

Yarjejeniyar 2023 ta zo da abin da ake kira shinge na biyu. Ƙungiyar da albashinta ya haura shi, wajen dala miliyan 189 a kakar 2024-25, ba tara kawai za ta biya ba. Ba za ta haɗa albashin 'yan wasa biyu ta musanya da babba guda ba, ba za ta saka kuɗi a ciniki ba, kuma ana hana ta musanya gurbinta na zagayen farko a zaɓen matasan da za a yi bayan shekara bakwai. Attajiri na iya biyan tara yana dariya, amma wannan ɗaure hannu ne. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban suka ci kofi, kuma wasan ƙarshe na 2025 ya haɗa Oklahoma City, mai nasara 68, da Indiana, ba wadda ta biya haraji a cikinsu. An kai har wasa na bakwai, Shai ya tashi da kofi da kyautar gwarzon shekara.

Shingen dai bai san babba da ƙarami ba. Denver ta bar Kentavious Caldwell-Pope ya tafi a 2024, Minnesota ta tura Karl-Anthony Towns New York, Boston ma ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis shekara ɗaya bayan kofinta. Lakers kuma ba ta daina sa'a ba, tunda a Fabrairun 2025 Dallas ta miƙa mata Luka Doncic yana ganiyarsa. A Yulin 2025 Oklahoma City ta sabunta wa Shai kan kusan dala miliyan 285 na shekara huɗu, ta kuma ba Chet Holmgren da Jalen Williams manyan kwantiragi na shekara biyar-biyar. Na matasan biyu suna fara aiki a kakar 2026-27, na Shai a wadda ke biye, kuma daga nan albashin mutum uku zai cinye mafi yawan abin da doka ta yarda a kashe wa mutum 15.