Cin JAMB ba shi ne samun gurbi ba

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, sai ka ji uwa tana cewa, "Ai ɗana ya haura 200, jami'a ta samu." Bayan wata shida yaro yana zaune a gida, ana ta zargin an sayar da gurbinsa.

Yawanci ba haka ba ne. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa izinin shiga layi ne kawai. Jarabawar maki 400 ce, kuma kowane fanni da nasa ma'aunin: makin da zai kai mutum sashen Tarihi ba zai kai shi likitanci a ABU Zariya ko BUK ba, don masu nema sun ninka gurabe. Jami'a kuma tana haɗawa da tata tantancewar da sakamakon WAEC ko NECO, kiredit 5, galibi har da Turanci da Lissafi.

A jami'o'in tarayya ma rabon guraben gida uku ne: kashi 45 cikin 100 cancanta, 35 jihohin yankin jami'ar, 20 jihohin da ke baya a ilimin boko.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sakaci. Tun 2017 ta CAPS, shafin intanet na hukumar JAMB, ake ba da gurbi. Wanda bai ɗora sakamakon sakandare ba, ba za a duba shi ba, wanda aka ba kuwa sai ya shiga ya danna ya karɓa. Wasu sun bar wa mai shagon intanet lambar sirrinsu, ba su sake leƙawa ba.