Waiwaye: A sayar da tauraro ko a riƙe shi har ya tafi a kyauta? Tarihin wannan caca a gasar NHL

Kowace shekara idan watan Maris ya ƙarato, manajojin ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hoki ta kan ƙanƙara a Amurka da Kanada, sukan shiga tsaka mai wuya, domin a lokacin ne ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa. Ga ɗan wasan da ya fi kowa a ƙungiya, kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen watan Yuni, kuma bai sa hannu a sabo ba. Daga 1 ga Yuli yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama, ƙungiyar da ta raine shi ba za ta samu ko sisi ba. Masu bin ƙwallon ƙafa sun san irin wannan ciwo tun bayan hukuncin Bosman na 1995, wanda ya ba ɗan wasa damar tafiya a kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare. Bambancin shi ne a NHL ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi yanzu. Musaya ake yi: ɗan wasa da ɗan wasa, ko da gurbin zaɓen matasa na shekaru masu zuwa, wato damar ɗaukar sabon matashi a zaɓen da ƙungiyoyi ke yi bi da bi kowace shekara.

A da matsalar ba ta kai haka ba, domin ƙungiya kan riƙe ɗan wasa har ƙuruciyarsa ta wuce. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa a 1995 ta ba da cikakken 'yanci ne sai mutum ya haura shekara 30. Ko a lokacin an ga alamar abin da ke tafe. A Fabrairun 1996 Los Angeles ta miƙa Wayne Gretzky ga St. Louis, ya yi 'yan watanni, da bazara ya wuce New York Rangers.

Abin da ya sauya lissafin baki ɗaya shi ne rikicin da ya cinye kakar 2004-05 ba a buga ko wasa ɗaya ba. Da aka dawo, an ƙayyade jimillar albashin kowace ƙungiya a dala miliyan 39, sannan aka riƙa sauke shekarun samun 'yanci har zuwa 27, ko bayan kaka bakwai a gasar. Wato ɗan wasa yana shiga kasuwa yana kan ganiyarsa, ita kuma ƙungiya ko tana da kuɗi, doka ta ɗaure mata hannu. Nan aka fara cinikin da suke kira haya: mai neman kofi ya ɗauko tauraro na wata biyu ko uku. Pittsburgh ta yi haka da Marian Hossa daga Atlanta a 2008, ta kai wasan ƙarshe, Detroit ta doke ta, sai Hossa ya tattara ya koma Detroit ɗin.

Babu labarin da ake yawan kawowa kamar na John Tavares. New York Islanders ce ta zaɓe shi na ɗaya a zaɓen matasa na 2009, shi ne kyaftin. A 2018 ta riƙe shi har kasuwa ta rufe bisa fatan zai zauna, ba ta ma samu shiga wasannin fidda gwani ba, kuma ranar 1 ga Yuli ya sa hannu da Toronto kan dala miliyan 77 na shekara bakwai. A ganina laifin Islanders ba riƙe shi ba ne kawai. Laifin shi ne ta riƙe shi ba tare da ƙungiyar da za ta iya cin wani abu ba, kuma ba tare da tabbacin zai zauna ba. Ta yi biyu babu.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa ko yaushe sayarwa ce hikima. A 2019 Columbus ta san Artemi Panarin da mai tsaron raga Sergei Bobrovsky na iya tafiya, amma ta riƙe su, ta ƙaro Matt Duchene daga Ottawa. A zagayen farko na wasannin fidda gwani ta share Tampa Bay, ƙungiyar da ta ci wasa 62 a kakar, da wasa huɗu ba ko ɗaya, kuma wannan ne karon farko a tarihin Columbus da ta tsallake zagaye. Duka ukun sun tafi da bazara. Magoya bayan da suka jira kusan shekara ashirin sun samu abin da babu gurbin zaɓen da zai ba su, kuma ƙungiyar ta shiga cacar da idonta a buɗe.

Akwai kuma dokar 2013 da ta ba ƙungiyar da ɗan wasa yake cikinta damar ba shi kwantiragin shekara takwas, alhali sauran ba za su wuce bakwai ba. Wannan shekara ɗaya ta zama makami a ciniki. Vegas ta karɓi Mark Stone daga Ottawa a 2019 da fahimtar zai sa hannu na shekara takwas, shi ne kuma kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin gasar, a 2023. Calgary, bayan Johnny Gaudreau ya tafi a kyauta a Yulin 2022, ba ta jira an maimaita mata ba: cikin kwanaki ta miƙa Matthew Tkachuk ga Florida, ta karɓi Jonathan Huberdeau da MacKenzie Weegar. Florida ta ɗauki kofi a 2024 da 2025, abin da ke nuna saurin yanke hukunci bai isa ba idan abin da aka karɓo bai kai wanda aka bayar ba.

Mikko Rantanen ya haɗa duka darussan a kaka guda. Colorado ta miƙa shi ga Carolina a Janairun 2025, Martin Necas na cikin waɗanda ta karɓa. Da Carolina ta ga ba zai zauna ba, sai ta wuce da shi Dallas ranar rufe kasuwa, 7 ga Maris, inda ya sa hannu kan dala miliyan 96 na shekara takwas. A zagayen farko na wasannin fidda gwani Dallas ta haɗu da Colorado, kuma a wasa na bakwai, na raba gardama, Rantanen ya zura uku, ya fitar da tsohuwar ƙungiyarsa.

Sabuwar yarjejeniyar da aka cimma a 2025, wadda aka tsara ta fara aiki daga kakar 2026-27, ta rage wa'adin zuwa shekara bakwai ga ƙungiyar gida da shida ga sauran. Tazarar shekara ɗayan tana nan, saboda haka manajoji za su ci gaba da amfani da ita a teburin ciniki.