Wasan Kwaikwayon Ranar Raba Kyaututtuka a Makarantun Sakandare

Wasan kwaikwayon ranar raba kyaututtuka gajeren wasa ne da ɗalibai ke gabatarwa a bikin ƙarshen shekarar karatu, inda ake karrama waɗanda suka yi fice a ajujuwa da darussa, da kuma ɗa'a, tsafta da wasanni. A Arewacin Najeriya bikin yakan faɗo a ƙarshen zangon karatu na uku, wajen watan Yuli, a gaban iyaye da malamai da manyan baƙi. Kulob ɗin wasan kwaikwayo ne ke ɗaukar nauyinsa, galibi a ƙarƙashin malamin Hausa ko na Turanci.

Jigon wasan yakan zama gyaran hali: satar amsa, shaye-shaye, tallar 'yan mata, auren wuri, ko iyayen da ba sa leƙa karatun 'ya'yansu. Ba sabon abu ba ne ga ɗan Bahaushe, domin tashen watan azumi ma haka yake, a kwaikwayi mugun hali a yi dariya, a tafi da darasi.

Mafi yawan malamai kan ɗauki 'yan wasa daga aji biyu na babbar sakandare, saboda 'yan aji uku na fama da jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da NECO a daidai lokacin gwajin wasan. Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. In suka wuce haka dandamali ya cushe, mai kallo ya kasa gane waye wane. Tsawon wasan kada ya wuce minti 25, a fitowa uku ko huɗu. Gwaji yakan ci mako huɗu zuwa shida: makon farko a karanta a zaune, sannan a haddace, a koma tsayuwa da shiga da fita. Gwajin ƙarshe dole a yi shi a wurin bikin, da kayan wasan a jiki, da lasifika a kunne. A makarantar maza zalla namiji ne ke ɗaura zane da ɗankwali ya fito a uwa. A ta mata kuwa a sa babbar riga da hula, a manna gemun auduga, a shafa garin alli a kai ya zama furfura.

Abin da ya fi kashe wasan nan sauti ne. Yaro ya haddace komai, amma ya juya wa jama'a baya yana magana da abokin wasansa, sai murya ta tafi bango. Wani kuma ya faɗi abin dariya, bai jira shewa ta lafa ba ya zarce, maganar da labarin ya rataya a kanta ta ɓace. Makirufo ɗaya da ake miƙawa hannu zuwa hannu yana yanke wasa. Gara a kafa biyu a gaban dandamali, a koya wa yara ɗaga murya ko da wuta ta ɗauke. Janareta kuma a ajiye shi nesa, bayan ginin. Tun da damina ce, a tanadi zaure ko rumfa mai ƙarfi.

Wurin da aka sa wasan a jadawali ma yana da tasiri sosai. In aka bar shi bayan an gama miƙa kyaututtuka, iyaye sun ɗauki hotunansu sun fara watsewa, yaran da suka yi wata guda suna wahala sai su yi wa kujeru wasa. Ya fi kyau ya zo bayan jawabin shugaban makaranta, kafin a kira sunan na ɗaya. A kuma duba jerin masu karɓar kyauta tun da wuri, domin sau da yawa jarumin wasan yana cikinsu, kuma yana buƙatar minti biyar ya cire gemu ya koma cikin yunifom.