Matan Sashen Tawada da Fenti na Kamfanin Disney

Sashen Tawada da Fenti rukuni ne na ma'aikatan kamfanin Walt Disney, kusan dukkansu mata, waɗanda suka mayar da zanen fensir hotuna masu launi a fim ɗin Snow White and the Seven Dwarfs. An fara nuna fim ɗin ranar 21 ga Disamba, 1937, a sinimar Carthay Circle da ke Los Angeles, Amurka. Shi ne dogon fim ɗin katun na farko da kamfanin ya yi, kuma an kashe kusan dala miliyan 1.5 wajen yin sa. Sunan Walt Disney ya zaga duniya da shi, amma galibin matan da suka yi aikin ba a rubuta sunansu a jikin fim ɗin ba.

Idan mai zane ya gama da fensir a takarda, sai a ɗora wata leda mai shara-shara a kan zanen. Mai tawada za ta bi kowane layi da alƙalami mai siririn baki, ba ƙari ba ragi, domin layin da ya ɗan kauce zai sa hoton ya riƙa rawa a majigi. Daga nan mai fenti ta kife ledar, ta cika launuka ta baya don kada fentin ya rufe layukan. Suna sanye da farar safar hannu ta auduga saboda shatin yatsa ko ƙura kan ɓata leda. Hotuna 24 ke wucewa a daƙiƙa guda, fim ɗin kuwa minti 83 ne. A watannin ƙarshe sun yi ta kai dare a wurin aiki a Titin Hyperion don a cika wa'adi.

Jan da ke kumatun Snow White, tauraruwar fim ɗin, na nuna irin ƙwarewarsu. An daɗe ana cewa da kayan kwalliyarsu matan suka shafa shi. Gaskiyar ita ce wata mai tawada, Helen Ogger, ta riƙa ɗiga rini da auduga leda bayan leda, daidai wuri guda kuma daidai kauri guda. Wannan aikin gwanaye ne, ko da yake albashinsu bai kama ƙafar na masu zane ba.

Hazel Sewell, yayar Lillian matar Walt Disney, ita ta shugabanci sashen, kuma tana cikin 'yan ƙalilan matan da sunansu ya fito. Ita Lillian ɗin ma aikin tawada take yi kafin aurensu a 1925. Ƙofar zane kuwa a rufe take ga mata: wasiƙar da kamfanin ya aika wa wata mai neman aiki a 1938 ta faɗa ƙarara cewa samari ne ke wannan ɓangare. Sai a fim ɗin Bambi na 1942 aka rubuta sunan mace, Retta Scott, cikin masu zane.

Ba su kaɗai aka bari a baya ba. Adriana Caselotti, mai muryar Snow White, dala 970 aka biya ta, ba tare da an ambaci sunanta ba. Haka ma ba a ambaci sunan Marjorie Belcher ba, yarinyar da aka ɗauki rawarta da tafiyarta a kyamara masu zane suka kwaikwaya. A 1939 aka ba Walt Disney lambar Oscar ta girmamawa, babban gunki ɗaya da ƙanana bakwai.

Albashi da rashin sanya suna na cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin ma'aikatan kamfanin a watan Mayun 1941. Aikin tawada ya fara mutuwa a 1961, lokacin da aka yi amfani da fasahar Xerox ta fotokwafi a fim ɗin One Hundred and One Dalmatians wajen kwafe zanen fensir kai tsaye a kan leda. Masu tawada da yawa suka rasa aikinsu, masu fenti kuma suka ci gaba har kwamfuta ta karɓi aikin a farkon shekarun 1990.