Wa Zai Kayar da Wa a Sama? Gardamar Jiragen Yaƙi Daga Koriya Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu buga wasannin jiragen yaƙi a kwamfuta ya san musun da ba ya ƙarewa. Wannan ya ce an rage wa F-16 ƙarfi, ba ya juyawa yadda ya kamata. Wancan ya ce ina, ai MiG-29 aka zalunta. Na uku ya zaro wani jadawali mai layuka a lanƙwashe, ya ce ga hujja: a tsayi kaza jirgin ya kamata ya riƙa juya digiri kaza a daƙiƙa guda, amma a wasan ya gaza da rabin digiri. A kan rabin digirin nan sai a kwana ana ja-in-ja. Mai kallo daga gefe zai ce rashin aikin yi ne. Sai dai tambayar da suke yi ta girme su. Gwamnatoci sun zuba mata dukiya, sun aika 'yan leƙen asiri a kanta, tun ba a san kwamfutar gida ba.

A zamanin jiragen jet, Yaƙin Koriya ne mafarin zancen. Ƙarshen 1950 MiG-15 na Tarayyar Sobiyet ya bayyana a sararin kogin Yalu, Amurka ta yi maza ta kawo F-86 Sabre. A takarda MiG ne gwani: ya fi rashin nauyi, ya fi saurin hawa, yana kai tsayin da Sabre ba ya iya bin sa, ga igwa uku, ɗaya mai milimita 37, biyu masu milimita 23, alhali Sabre bindigogi shida gare shi masu ƙananan harsasai. Duk da haka Amurkawa suka ce MiG goma suke kakkaɓowa kafin a harbo musu Sabre ɗaya. Bayan an buɗe takardun Sobiyet masu bincike sun zaftare wannan adadi ƙwarai, musamman a karawar da matuƙan Rasha ne da kansu a cikin jiragen, amma tazarar ba ta ɓace ɗungurungum ba. Dalilan da aka gano kuwa ba sa cikin jadawalin gudu da hawa. Matuƙin Sabre yana zaune cikin murfin gilashi da yake ganin ko'ina, sandar tuƙinsa tana da taimakon matsin mai har ba ta gajiyar da hannu, saitin bindigarsa yana auna nisa da na'urar rada, yana kuma sanye da kayan da ke matse ƙafafu da ciki don kada jini ya gudu daga kansa. Da yawansu kuma tsofaffin hannu ne daga Yaƙin Duniya na Biyu.

Amurka ta matsu ta taɓa MiG da hannunta, har ta yi alkawarin dala 100,000 ga wanda ya kawo mata guda. A Satumbar 1953, bayan an tsagaita wuta, wani matashin matuƙin Koriya ta Arewa, No Kum-sok, ya sauke nasa a filin Kimpo na Koriya ta Kudu, ya kuma ce shi bai ma ji labarin ladar ba. Aka kai jirgin Okinawa, shahararren matuƙin gwaji Chuck Yeager yana cikin waɗanda suka gwada shi. Suka tarar da jirgi mai hawa kamar yadda aka ji tsoro, amma mai gardama idan gudu ya yi yawa, mai saurin kuɓucewa ya shiga hajijiya. Gani ya kori ji.

Mutumin da ya mayar da wannan gardama lissafi shi ne John Boyd, matuƙin sojan saman Amurka wanda ya tuƙa Sabre a watannin ƙarshe na yaƙin, daga baya ya koyar da dabarun faɗa a sansanin Nellis. Farkon shekarun 1960, a sansanin Eglin, shi da wani masanin lissafi farar hula, Thomas Christie, suka yi amfani da kwamfutar sansanin, ba duka da izini ba, suka fitar da nazarin da ya danganta kuzarin jirgi da iya juyawarsa. A taƙaice, gudu da tsayi su ne jarin jirgi. Duk juyawa kashe jari ne, inji kuma shi ne ke mayarwa. Wani jirgin yana iya fizgar hancinsa farat ɗaya ya nuna abokin gaba, amma ya ƙarar da gudunsa ya tsaya yana lilo. Wani kuma ba ya fizga haka, amma zai yi ta kewaye ba tare da gudunsa ya ragu ba. In aka ɗora jadawalin jirgi biyu a kan juna, sai a ga a wane tsayi da wane gudu kowanne ke da rinjaye. Wannan tunani ya shiga zanen F-15, kuma shi ne ya haifi F-16 da ya fara tashi a 1974. Jadawalin nan da 'yan wasa ke jifan juna da shi yau, jikan aikin Boyd ne.

Amma lissafi ba ya tafiya sai da alƙaluma, alƙaluman abokin gaba kuwa ba a kyauta ake samun su ba. A Agustan 1966 matuƙin Iraƙi Munir Redfa ya gudu da MiG-21 zuwa Isra'ila, a 1968 kuma Amurka ta are shi ta gwada a asirce a hamadar Nevada. Abin da aka koya ya shiga makarantar Topgun da sojan ruwa suka buɗe a 1969, bayan sun ga yadda ƙananan MiG ke wahalar da manyan F-4 a Biyetnam. Daga 1977 zuwa 1988 har runduna guda Amurka ta riƙe a Tonopah ta Nevada, tana tuƙa jiragen Sobiyet, domin matuƙanta su kara da na gaske kafin ranar gaske.

Labarin MiG-25 shi ne ya fi nuna haɗarin auna jirgi daga nesa. Ƙasashen Yamma sun ga hotunansa, manyan fikafikai da manyan injuna, suka yanke cewa dodo ne mai gudu kuma mai juyawa. Ranar 6 ga Satumba, 1976, matuƙin Sobiyet Viktor Belenko ya gudu da ɗaya ya sauke shi a Hakodate ta Japan. Da aka kwance shi sai ga jirgi na baƙin ƙarfe mai tsananin nauyi, wanda fikafikan nan nasa don ɗaukar nauyin ne aka yi su, lantarkinsa cike da kwalabe irin na tsohuwar rediyo, kuma ba a yarje masa juyawa mai tsanani ba. Gudun gaskiya ne. Sauran duk shaci-faɗi aka yi. Shekara goma sha huɗu bayan haka kuskuren ya juyo ta ɗaya gefen. Da Jamus ta haɗe a 1990, rundunarta ta gaji MiG-29 guda 24 daga Jamus ta Gabas, matuƙan NATO suka yi ta zuwa karawa da su. Jirgin ba ya daɗewa a sama saboda ƙarancin mai, radarsa ma ba wani abin yabo ba. Amma a faɗan kusa, matuƙinsa yana saita makami mai linzami na R-73 da hular kwanonsa: ya dube ka kawai, ya harba, ko hancin jirginsa bai nuna ka ba. Wannan ya girgiza Yamma, ya kuma nuna cewa rabin digirin juyawa yana iya zama ba komai ba.

Na'urar kwaikwayon tuƙi kuwa ta biyo tata hanyar daban. Edwin Link ya haɗa ta farko a 1929 da zuga-zugai daga masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa, sojan Amurka suka sayi shida a 1934, a Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera fiye da dubu goma. Ita dai koyar da tuƙi cikin duhu da hazo ne aikinta, ba ruwanta da wa ya fi wa. Sai da kwamfuta ta shiga gidaje hanyoyin biyu suka haɗu. Wasan Falcon ya fito a 1987, Falcon 3.0 a 1991, wanda mafi ingancin lissafin tashinsa sai kwamfutar da aka ƙara wa guntun lissafi na musamman. A 1995 wani kamfani da aka kafa a Mosko, Eagle Dynamics, ya fitar da Su-27 Flanker, a 1998 kuma Falcon 4.0 ya zo da littafin jagora mai kaurin da ke tsorata mai saye. Da asalin rubutun manhajarsa ya fita waje a 2000, masoyansa suka ɗauka suka ci gaba da gyara, har yau suna yi da sunan Falcon BMS. Eagle Dynamics shi kuma ya bi ta Lock On a 2003 ya iso wasansa na DCS, inda A-10C ɗinsa ya samo asali daga manhajar horo da kamfanin ya yi wa dakarun sama na Amurka.

Yadda ake gina jirgi a cikin waɗannan wasanni iri biyu ne, a dunƙule. Tsohuwar hanya ita ce a rubuta wa kwamfuta sakamako: a gudu kaza, juya kaza. Jirgin zai bi alƙaluman daidai, amma kamar kan dogo yake tafiya, da zarar an fita daga abin da aka rubuta sai ya yi abin da jirgi ba ya yi. Sabuwar hanya ita ce a lissafa ƙarfin da ke aiki a jikinsa sau da yawa cikin daƙiƙa: ɗagawar fiffike, turjiyar iska, turin inji, nauyin mai da ke raguwa, har da kwamfutar jirgin da ke tsakanin hannun matuƙi da fikafikai. A F-16 wannan kwamfuta ce ke hana matsin da juyawa ke haifarwa ya wuce ninki tara na nauyin jirgin, take kuma hana a ɗaga hanci fiye da kima. F/A-18C, wanda ake kira Hornet, ba ya kai ninki taran, amma yana iya riƙe hancinsa sama a ƙaramin gudu inda F-16 ba zai yarda ba. Saboda haka a wasan da aka gina da kyau, mai F-16 yana son faɗa mai faɗi da gudu, mai Hornet yana son a ja shi a matse a hankali, kamar dai yadda matuƙan gaske ke bayyanawa.

F-16 ya yi sa'a ta musamman. A 1979 hukumar NASA ta wallafa rahoto ɗauke da alƙaluman gwajin iska na jirgin, kowa yana iya karantawa, kuma a kansa aka gina lissafin tashi da yawa, na wasa da na jami'o'i. Jirgin da bai samu irin wannan gata ba sai a lissafa shi daga siffar jikinsa, a cike giɓi da kintace.

A nan ne matsalar take, kuma a ganina masu musu ba sa ba ta haƙƙinta. Abin da wasannin suka fi ƙwarewa a kai, wato yadda jirgi ke ratsa iska, shi ne abin da ya rage muhimmanci a yaƙin zamani. Abubuwan da ke yanke hukunci yau su ne nisan da rada ke hango wane irin jirgi, yadda ake rikita ta, da yadda kan makami mai linzami ke bambance jirgi da abin yaudara. Waɗannan duk sirri ne, kuma su ne wasa ke ƙiyastawa. Har zaɓin jiragen ma sirri ne ke tsara shi. F-16C na DCS na wajajen 2007 ne, F/A-18C na wajajen 2005, amma Su-27 da ake haɗa su da shi na shekarun 1980 ne, kuma a sauƙaƙe aka yi shi. In ɗan wasa ya ce ya gwada ya ga jiragen Amurka sun fi, to tazarar shekara ashirin ya gwada. Tsofaffin jirage irin su Sabre da MiG-15 da MiG-21, waɗanda takardunsu suka daɗe a fili, su ne suka fi kusa da gaskiya.

Ƙishirwar alƙaluma ta kai wasu ga ɓarna. Tun daga 2021 masu buga wasan War Thunder suka sha sakin takardun soja da aka hana yaɗawa don kawai su ci gardama, aka fara da tankar Challenger 2 ta Birtaniya, a farkon 2023 aka kai ga F-16 da F-15E. Kamfanin Gaijin mai wasan kullum gogewa yake yi, yana cewa doka ba ta ba shi damar amfani da su ba, wato mai sakin ya jefa kansa cikin haɗari a banza. A 2019 ma an gurfanar da wani ɗan Rasha mai haɗa manhajar irin waɗannan wasanni a kotun Amurka, bayan an kama shi a ƙasar Jojiya, saboda sayen littattafan jagora na F-16 ta eBay.

Kada a ɗauka atisayen gaske ya tsira daga wannan. A atisayen Cope India na 2004 tsakanin Amurka da Indiya, a Gwalior ta Indiya, labari ya bazu cewa jiragen Indiya, har da MiG-21 da aka sabunta, sun lallasa F-15C. Gaskiya ne Indiyawa sun yi rawar gani, amma ƙa'idar atisayen ta sa sun ninka Amurkawa uku a yawa, an kuma taƙaita wa F-15 makamansa masu cin dogon zango. A 2015 wani rahoton matuƙin gwaji ya fita cewa F-35 ya kasa da F-16 a faɗan kusa, alhali jirgin gwaji ne da ake auna manhajar tuƙinsa. Kowace karawa tana da wanda ya tsara sharuɗɗanta. A wasa kuwa ƙari a kan haka babu nauyin da ke danne ƙirji har ido ya rufe, babu jirgin da ya ƙi tashi don an rasa kayan gyara, kuma wanda aka harbo sau ɗari ya koyi abin da matuƙin gaske ba shi da ran da zai koya.

Sojoji da kansu sun dawo ga kwamfutar. A Agustan 2020 hukumar bincike ta DARPA ta shirya gasar AlphaDogfight, inda ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Heron Systems ta doke ƙwararren matuƙin F-16 sau biyar a jere cikin na'urar kwaikwayo. Nan take aka taso da irin ƙorafin da 'yan wasa suka saba: manhajar ta san matsayin abokin karawarta daidai a kowane lokaci, kuma tana harbi gaba da gaba, abin da dokar horo ta hana matuƙa saboda gudun karo. Don a raba gardama, a Satumbar 2023 aka ɗora irin wannan manhaja a kan X-62A, wani F-16 da aka sauya wa tsari, ta kara da matuƙi ɗan Adam a sararin sansanin Edwards na Kalifoniya. Da aka sanar da gwajin a Afrilun 2024, 'yan jarida suka tambayi wa ya yi nasara. Jami'an suka ce wannan ba za su faɗa ba, saboda dalilan tsaro.