Kayan haɗin intanet da ingancin sautin dijital

Kayan haɗin intanet na masu sauraron kiɗa su ne akwatunan rarraba layi, wayoyi na musamman da matatun lantarki da ake sakawa tsakanin rauta (na'urar da ke shigo da intanet) da na'urar kunna sauti a gida, da fatan sautin zai ƙara kyau. Har yanzu ana jayayya kan amfaninsu.

Asali

An ƙirƙiro tsarin Ethernet, wato hanyar haɗa kwamfutoci da waya, a cibiyar Xerox PARC da ke Amurka a 1973, Robert Metcalfe na kan gaba a aikin, kuma don kwamfutoci aka yi shi. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowanne da bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanan dijital). Da aka fara raba na'urar faifai da na'urar da ke mayar da lambobi zuwa sauti, haɗin da ke tsakaninsu mai suna S/PDIF ya riƙa aika bayanai tare da bugun agogo, wato siginar da ke daidaita lokacin fitar sauti, ta waya ɗaya. In bugun ya yi rawa, yana iya shafar sautin. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ita aka gado lokacin da kiɗa ya koma bin layin intanet, wajen farkon shekarun 2000.

Yadda bayanai ke tafiya

Sai dai a nan tsarin daban ne. Kiɗa yana zuwa ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da lambar tantancewa mai bit 32. Wanda ya lalace a hanya sai a watsar da shi, ƙa'idar aika bayanai ta intanet mai suna TCP ta sa a sake aikowa. Na'urar kunna sauti tana tara ƙunshin a ma'ajiyarta, sannan ta fitar da shi bisa agogonta, ba agogon akwatin rarrabawa ba. Sauti irin na CD yana buƙatar kusan megabit 1.4 a daƙiƙa, alhali layin gigabit na ɗaukar 1,000. Idan layin ya gaza, yankewa ake ji ko tsit, ba dusashewar murya ba.

Sauran hanyar da kayan haɗin za su iya shafar sauti ita ce hayaniyar lantarki. Ramukan Ethernet suna da ƙananan taransfoma da ke raba lantarkin na'urori biyu, amma waya mai rigar ƙarfe na iya haɗa su ta layin ƙasa, har a ji gunji a lasifika.

Jayayya

Masu sayarwa da wasu masu sauraro na cewa sautin yana ƙara buɗewa. Injiniyoyi da dama na neman a tabbatar da haka ta awo da gwajin da mai sauraro bai san abin da aka kunna masa ba.