Modul ɗin wuta a tsofaffin motocin akori-kura

Modul ɗin wuta wata 'yar na'urar lantarki ce da ke injin mai shan fetur. Ita ke sakar wa kwayil (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir) wuta tana yankewa, domin tartsatsi ya isa kowane fulogi a kan lokaci. Injin dizal ba shi da ita. Makanikai Hausawa na Jidda da Makka sun fi cin karo da matsalarta a tsofaffin akori-kura, waɗanda ake kira wanet a Saudiyya, irin su Chevrolet da GMC da Ford da Toyota Hilux na shekarun 1980.

Tarihi

Tsarin batir da kwayil da distiributa (na'urar da ke rarraba wa fulogogi wuta) ya samo asali ne daga Charles Kettering da kamfanin Delco, wanda aka kafa a Dayton ta Amurka a 1909. Motocin Cadillac sun fara amfani da shi wajen 1910. Sunan kamfanin ya bi kayan har ƙasar Larabawa, shi ya sa a garejin Saudiyya ake ce wa distiributa dilko. Fiye da shekara sittin, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa ne ke yanke wutar, wato kontak, ko bilatin a bakin Larabawa. Suna ƙonewa, suna cinyewa, kullum sai an goge an daidaita.

Chrysler ta fara maye gurbinsu da na'urar lantarki a 1972, ta game duk motocinta da ita a 1973. General Motors ta biyo baya da nata tsarin wutar lantarki mai suna HEI wajen ƙarshen 1974, inda aka cusa modul da kwayil duka cikin distiributa. Ford ta fito da nata modul mai suna TFI a farkon shekarun 1980, aka ɗaure shi a jikin distiributa, wurin da zafin inji ke dukansa. Ƙorafin mutuwar motocin Ford a kan hanya ya kai ga shari'a a Kalifoniya, aka sasanta a 2001.

Alamomi

Zafi ne babban abokin gabar modul, kuma bazarar Makka takan haura digiri 40. Motar za ta tashi lafiya da safe, a yi tafiya, sai ta mutu farat ɗaya kamar an kashe makulli. Idan ta huce na ɗan lokaci sai ta sake tashi. Allurar da ke nuna juyin inji takan faɗi sifili nan take. Wannan ne ya bambanta ta da matsalar mai, inda mota kan yi ta shaƙewa tana fizga kafin ta tsaya.

Gano matsalar

Ana gwajin ne lokacin da motar ta ƙi tashi, domin modul mai ciwon zafi yakan nuna lafiya idan ya yi sanyi. A fara duba ko tartsatsi na fita ta wayar fulogi. Idan babu, a kunna makulli a auna gefen shigar wuta na kwayil, a ga ko akwai kusan bolt 12. Sannan a ɗora fitilar gwaji a ɗaya gefen ana murza inji. In tana ƙyaftawa, modul na aikinsa, sai a tuhumi kwayil ko murfin distiributa. In ta tsaya cak, laifin na modul ne ko na ƙaramin kwayil ɗin cikin distiributa da ke aiko masa da sigina. A tsarin HEI, wannan ƙaramin kwayil yakan auna om 500 zuwa 1500, kuma siraran wayoyinsa kan karye ta cikin roba saboda yawan motsi. Modul da yawa an jefar da su a banza saboda wannan waya.

Wajen sa sabon modul, dole a shafa mai na musamman mai janye zafi a ƙasansa, a kankare tsatsa inda yake haɗuwa da ƙarfe. Kwayil mai lahani kuma yakan ƙone sabon modul.

Kayan gyara

Akwai saɓani tsakanin masu fifita modul na asali da aka ciro daga tashlih, wato wurin wargaza tsofaffin motoci ana sayar da kayansu, kamar na Bariman a Jidda, da masu sayen sabo na kasuwa. Direbobin doguwar hanya da dama sukan ajiye guda a mota.